Ƙarshen Mako a Gidajen Wasan Kwaikwayo na Landan: Yadda Ake Tsara Shi Daga Juma'a Zuwa Lahadi

Wanda ya shiga Landan da ranar Juma'a ya bar ta da daren Lahadi zai iya kallon wasan kwaikwayo huɗu a kan dandamali ba tare da ya jigata ba: ɗaya daren Juma'a, biyu ranar Asabar, ɗaya ranar Lahadi da rana. Unguwar da ake kira West End kaɗai tana da manyan gidajen wasa kusan 40, mafi yawansu a tsakanin Piccadilly Circus, Leicester Square, Covent Garden da titin Strand, inda duk da ƙafa ake zagawa. A tsallaken kogin Thames kuma ga National Theatre, ga Old Vic da Young Vic, ga Globe, gidan wasannin Shakespeare. Don haka wasa ba ya ƙaranci a garin. Abin da ke ɓata wa baƙo tafiya abu biyu ne, lokaci da kujera, kuma duka biyun tun kana gida ake gyara su.

Fara tsari daga Lahadi

Mafi yawan gidajen West End a rufe suke ranar Lahadi, domin ita ce ranar hutun 'yan wasa. Kaɗan ne ke buɗewa, su ma yawanci da rana kawai, su huta Litinin. The Lion King da ake yi a gidan Lyceum tun 1999 yana cikin masu wasan Lahadi da rana, haka ma Globe a lokacin bazara. Tunda zaɓin Lahadi ne mafi ƙanƙanta, shi za ka fara kamawa, sauran kwanakin su biyo baya. Kuskuren da aka fi yi shi ne mutum ya sayi tikitin Asabar da dare na wasan da ake yi har Lahadi, sannan ya wayi gari Lahadi ya tarar duk abin da ya rage masa sha'awa a rufe yake.

Bayan Lahadi sai Asabar. Wasan rana yawanci ƙarfe 2:30 yake farawa, na dare 7:30. Amma kada ka haddace wannan ka dogara da shi: wasanni masu tsawo sukan fara 7:00 ko ma kafin nan, wasu na rana 2:00 ko 3:00. Kowane shafin gidan wasa yana rubuta tsawon wasan haɗe da hutun tsakiya. Rubuta shi a takarda kusa da lokacin farawa, ka lissafa lokacin tashi. Idan na rana zai kai awa uku, ka tashi 5:30, saura maka awa biyu na cin abinci, salla da tafiya zuwa gida na biyu. Ya isa idan gidajen biyu na kusa da juna. Idan ɗaya yana Islington ɗaya yana Victoria, za ka shiga na dare kana haki, da yunwa.

Wane wasa, kuma a wace rana

Kada ka cika kwanakin da iri ɗaya. Manyan wasannin waƙa huɗu a jere sukan haɗe a kai, ranar Litinin ka kasa tuna wace waƙa ce ta wane wasa. Abin da ya fi gamsarwa shi ne babban wasan waƙa ɗaya, wasan zance ɗaya a babban gida irin National Theatre, sabon rubutu ɗaya a ƙaramin gida, sai Shakespeare ko wani tsohon wasa. Ƙananan gidajen nan ne mutane ke tsallakewa, alhali a nan ake ganin gwanintar ɗan wasa ido da ido. Donmar Warehouse kujeru 251 ne kacal, ba wanda ke nesa da dandamali. Royal Court da ke Sloane Square ya yi suna wajen fito da sababbin marubuta. National Theatre kuwa zaure uku ne a gini ɗaya, Olivier, Lyttelton da Dorfman, kuma ya sha ɗora ayyukan marubutan Najeriya: a 2009 an yi Death and the King's Horseman na Wole Soyinka a Olivier, a 2017 aka yi Barber Shop Chronicles na Inua Ellams, haifaffen Jos, a Dorfman. Yana da kyau ka leƙa jadawalinsu kafin na kowa.

Wasa mafi nauyi ka sa shi Asabar da rana, lokacin da kanka ke sarari. Daren Juma'a, musamman idan ranar ka sauka daga jirgi, mai sauƙi ya dace, mai kiɗa da motsi. Zauren wasa duhu ne da ɗumi, kujera mai laushi, wanda ya kwana a jirgi kuwa minti ashirin ya ishi barci ya sace shi a tikitin fam tamanin.

Abu biyu za ka duba a shafin kowane wasa kafin ka biya. Na farko shekarun da aka ƙayyade da gargaɗin abin da ke ciki. Suna faɗa ƙarara idan akwai ashar, tsiraici, ƙarar bindiga ko hasken da ke walƙiya. Mai tafiya da iyali ko da surukai kada ya tsallake wannan layin, kuma yawancin gidaje ba sa barin ƙananan yara 'yan ƙasa da shekara uku ko huɗu su shiga ko da an saya musu tikiti. Na biyu harshe. Turancin dandamali yana da sauri, wani lokaci da karin harshen wani yanki da ko wanda ya yi digiri da Turanci sai ya kasa kunne. Karanta taƙaitaccen labarin wasan tukuna, musamman na Shakespeare; sanin inda labari ya dosa ba ya rage daɗinsa, yana ba ka damar kallon yadda ake yin sa. Akwai kuma ranakun da ake nuna kalaman 'yan wasa a rubuce a allo gefen dandamali, an tanade su don masu matsalar ji amma kowa na iya saye.

Sayen tikiti

Raba wasanninka gida biyu. Wanda dominsa ka yi tafiyar, saya tun makonni kafin ranar, daga shafin gidan wasan kansa. Sauran ka bar su ga rahusar ranar. Idan sai ka nemi biza, jira ta fito tukuna, domin tikitin wasa ba a mayar da kuɗinsa. Iyakar abin da wasu gidaje ke yi shi ne su sauya maka rana idan ka sanar da wuri, su ma da ɗan caji.

A intanet, shafin da ya fara fitowa a bincike sau da yawa na 'yan bumburutu ne da suka biya talla. Suna ninka farashi, kuma gidan wasa yana da ikon hana ka shiga da tikitin da aka sake sayarwa ba bisa ƙa'ida ba. Dillalin kirki yana ɗauke da tambarin STAR, ƙungiyar masu sayar da tikiti ta Birtaniya, kuma zai nuna maka asalin farashin, lambar layi da lambar kujera kafin ka biya. Wanda ya ce maka "kujera mai kyau" bai faɗi lamba ba, bar shi.

Hanyoyin rahusa na halal sanannu ne. A kudancin filin Leicester Square akwai rumfar sayar da tikiti da aka sani da TKTS, wadda ƙungiyar gidajen wasan Landan ke gudanarwa tun 1980, tana sayar da tikitin ranar da na kwana ɗaya ko biyu gaba, wasu har da ragin rabin kuɗi. Ita kaɗai ce a cikin filin, gini ne tsayayye mai agogo. Shagunan da ke titunan kewaye masu allon "rabin farashi" ba ita ba ce. Manhajar TodayTix tana sakin wasu tikiti masu arha da ƙarfe 10:00 na safe don wasan ranar, kuma cikin mintuna suke ƙarewa, saboda haka ka shigar da katinka tun daren jiya, ka buɗe manhajar kafin goma ta buga. Wasu manyan wasanni suna yin ƙuri'a: shiga kyauta ne, wanda sunansa ya fito a ba shi damar sayen kujera mai kyau da arha. Idan wasa ya cika maƙil, je ofishin tikitin gidan awa biyu kafin farawa ka shiga layin tikitin da aka dawo da su. Mutum ɗaya ya fi samun sa'a a nan fiye da mutum uku masu son zama tare.

A kan farashi, kujerun gaba na babban wasan waƙa ranar Asabar da dare sukan haura fam 100, na can sama kuma ana samu a fam 25 zuwa 35. Sabon wasa yana da kwanakin gwaji kafin daren da 'yan jarida ke zuwa, tikitinsu ya fi sauƙi, wasan kuma kusan kammalalle ne. Ka sani cewa tikiti na wasa ne, ba na tauraro ba: idan shahararren ɗan wasan da ka zo dominsa bai fito ba, mataimakinsa ya hau, ba za a mayar maka da ko kwabo ba. Wasu taurarin suna da ranakun hutu da aka sanar tun farko, suna nan a shafin.

Kujera

Nan ne ya kamata ka ɓata lokaci. Yawancin gidajen West End an gina su ne a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, a kan ƙananan filaye, don haka sama aka yi da su, bene kan bene. Sunayen da za ka gani a tikiti su ne Stalls, wato ƙasa daidai da dandamali. Dress Circle ko Royal Circle, bene na farko. Upper Circle ko Grand Circle, bene na biyu. Sai Balcony ko Gallery, can ƙololuwa. Layuka da haruffa suke tafiya, A a gaba.

Kowane sashe da aibinsa. A Stalls, layi biyu ko uku na farko suna sa ka ɗaga wuya awa biyu, kuma idan dandamalin yana da tsayi ba za ka ga ƙafafun masu rawa ba. Daga wajen layi na shida zuwa na goma sha biyu, a tsakiya, nan ne wurin da ya fi. Can baya kuwa benen farko yana rufe ka kamar rumfa, ya yanke saman dandamali. A wasan zance ba komai, amma a wasan da ake hawa bene ko ake saukar da wani abu daga sama, za ka ji 'yan kallo na gaba sun yi ajiyar zuciya kai ba ka ga komai ba. Layukan gaba na Dress Circle su ne suka fi dacewa da babban wasan waƙa, domin daga nan ake ganin tsarin rawa da haske gaba ɗaya. Sai dai layin A na kowane bene yakan zo da ƙarfen kariya a daidai ido ga gajeren mutum, da ƙarancin wurin miƙe ƙafa ga dogo. Layi B ko C ya fi shi sau da yawa, wani lokaci ma ya fi arha.

Balcony yana da gangara sosai, matakala da yawa, kuma tsofaffin gidaje da dama ba su da lif. Mai ciwon gwiwa, mai jiri idan ya kalli ƙasa, ko mai tafiya da dattijo ya guje shi. Ƙananan ɗakunan gefe da ake kira Box suna da kyan gani a hoto, amma daga gefe kake kallo, kusurwa ɗaya ta dandamali a ɓoye take.

Idan an rubuta cewa kujera tana da tawayar gani, nemi sanin wace iri ce. Siririn ginshiƙi da za ka ɗan karkata kai ka kauce masa ciniki ne mai kyau a rabin kuɗi. Rasa kashi ɗaya cikin uku na dandamali asara ce ko nawa aka rage. Shafin SeatPlan yana da hotunan da 'yan kallo suka ɗauka daga kujerunsu, gida-gida, lamba-lamba. Minti biyar a can ya fi duk wani zato. Sababbin gine-gine ba su da wannan ciwon kai sosai. Zauren Olivier, wanda aka buɗe a 1976, an shimfiɗa shi kamar mafici bisa tsarin tsohon dandalin Girka na Epidaurus, babu ginshiƙi, kujera mai arha ma tana ganin komai.

Masauki da zirga-zirga

Nemi masauki a kan layin Piccadilly, Northern ko Central na jirgin ƙarƙashin ƙasa, ko kusa da Waterloo. Waɗannan layuka uku, tare da layukan Victoria da Jubilee, suna aiki duk dare ranakun Juma'a da Asabar. Bas ba ya karɓar tsabar kuɗi. Katin banki mai taɓawa ko katin sufuri na Oyster ake amfani da shi, kuma ka riƙe kati ɗaya duk yini don a tsayar maka da caji idan ka kai iyakar ranar. Gidajen wasa da yawa ma kati kawai suke karɓa, don haka ka tabbatar naka yana aiki a waje kafin ka taso. Ƙarshen mako ne ake rufe sassan layuka don gyara, duba shafin TfL, hukumar sufuri ta Landan, da safe. Kada ka hau jirgi daga Leicester Square zuwa Covent Garden, tafiyar minti biyar ce a ƙafa, tashar Covent Garden kuma lif ake jira, matakalarta 193. Tasi a titin Shaftesbury Avenue da ƙarfe bakwai na yamma a tsaye yake. Ƙafa ta fi shi.

Ranar wasan

Isa gidan minti 30 kafin lokaci. Ana duba jaka a ƙofa, babban akwati ba ya shiga. Tikitin waya ka sauke shi tun a masauki, domin sabis yakan ɗauke a cikin tsofaffin gine-ginen nan. Shiga banɗaki kafin a fara, musamman mata: banɗakunan kaɗan ne, hutun tsakiya minti 15 zuwa 20 ne, layi yakan cinye shi duka. Wasu sababbin wasanni ma babu hutu, minti 90 ko 100 ne a miƙe, wanda ya fita ba lallai a bar shi ya dawo ba. Wanda ya makara kuwa a waje zai tsaya yana kallon talabijin ɗin bango har a sami gaɓar da za a shigar da shi, wani lokaci sai hutu.

Babu dokar sutura. Kaftani da hula, atamfa, wando da riga, duk ana gani. Abin lura kawai shi ne dogon ɗaurin ɗankwali ko doguwar hula suna tare wa na baya, a sassauta su. Waya a kashe ta gaba ɗaya, domin hasken fuskarta a duhu har ɗan wasan da ke kan dandamali yana ganinsa. Ba a ɗaukar hoto ko bidiyo, ba a hira, ba a bin waƙa da baki ko da ka iya ta. Ana tafi bayan waƙa da ƙarshen kowane ɓangare. Littafin bayanin wasa saye ake yi, fam kaɗan ne, kuma yana da amfani a wasan da ke da mutane da yawa. A lokacin hutu za ka ga an sauke wani ƙaton labulen ƙarfe an ɗaga. Na kariyar gobara ne, gwada shi ake yi. Ƙararrawa za ta kaɗa saura minti uku, biyu, ɗaya.

Salla tana buƙatar lissafi, domin lokutanta a Landan suna tafiya da nisa tsakanin bazara da hunturu, kuma gidajen wasa galibi ba su da wurin salla. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen 9:20 na dare, wato magariba tana shiga kana cikin ɓangare na biyu na wasan dare, ka fito wajen goma ka same ta. A Disamba kuwa rana tana faɗuwa kafin ƙarfe huɗu, la'asar tana shiga tun kafin 2:00, don haka ka yi azahar da la'asar kafin ka shiga wasan rana, magariba ta riske ka a ciki. Akwai masallaci a titin Berwick cikin Soho, mintuna kaɗan daga Shaftesbury Avenue, da wani a titin Goodge. Juma'a kuwa babban masallacin Regent's Park ya fi yalwa. Matafiyi ya tambayi malaminsa hukuncin haɗa salloli tun kafin ya taso, ya fi a tsaya ana shawara a bakin ƙofar zaure.

Abincin tsakanin wasanni biyu kada ya yi nauyi. Gidajen abinci na unguwar suna da tsarin masu zuwa kallo daga wajen 5:00 zuwa 6:30, kwano biyu a farashi ɗaya, ana kawowa da sauri, amma ranar Asabar sai ka kama tebur tun kafin ranar. Faɗa wa mai hidima lokacin wasanka da zarar ka zauna, ka nemi lissafi tare da kwano na ƙarshe. Wuraren halal suna da yawa a Soho da kewayen Leicester Square. Tambaya ake yi, ba a ɗauka. Idan wasan darenka a National Theatre yake, tsallaka gadar Waterloo da ƙafa daga Strand, minti goma ne, zaurukan jiransa a buɗe suke ga kowa, da kujeru da kantin littattafan wasan kwaikwayo, wuri ne mai kyau na huta ƙafa.

Lahadi a Globe

Idan tafiyarka ta faɗo tsakanin ƙarshen Afrilu da Oktoba, ba da Lahadi ga Globe. An buɗe shi a 1997, kwaikwayon gidan da aka gina a 1599 wanda gobara ta cinye a 1613, a ɗan nesa kaɗan da inda na asalin yake. Da'ira ce ta katakon oak da rufin ciyawa, tsakiyarta a buɗe ga sama. Mutum 700 ne ke tsayuwa a filin gaban dandamali, tikitinsu fam 5 zuwa 10, mafi arha a garin kuma mafi kusa da wasa. Ba a kashe fitila a ɓoye 'yan kallo. Ɗan wasa yana ganinka, yana iya kallon idonka ya jefa maka tambayar da ke cikin rubutun, ko ya ratsa ta cikin taron ya hau dandamali ta gefenka.

Tsayuwar tana da sharuɗɗa. Ba a zama a ƙasa, ba a shiga da kujerar naɗewa, ba a buɗe lema domin tana tare wa na baya, kuma ruwan sama ba ya tsayar da wasa. Don haka rigar ruwa mai hula, takalmi mai taushi, da rigar sanyi ko a Yuli. Wasan yakan kai awa uku. Zo da wuri ka shiga layin ƙofar fili, domin waɗanda suka fara shiga su ke samun jingina da bakin dandamali ko da katangar baya, kuma wannan jinginar ita ce bambancin jin daɗi da ciwon baya. Wanda ba zai iya tsayuwa ba ya sayi wurin zama a benaye: bencin katako ne marar majingini, ana hayar matashi a ƙofa, layin ƙarshe na kowane sashe yana da bango a baya. Manyan ginshiƙai biyu da ke riƙe da rufin dandamali suna tare wani abu daga kusan kowace kujera, na gefe sun fi shan wahala. Da hunturu wasa yana komawa ƙaramin zauren Sam Wanamaker da ke cikin harabar, wanda aka buɗe a 2014, inda ake haska dandamali da kyandir.

Lokutan Lahadi sukan bambanta da na sauran kwanaki, sake duba tikitinka da safe. Idan a daren za ka tashi, bar akwatinka a masauki ko a ma'ajiyar kaya ta manyan tashoshi irin Waterloo da Charing Cross, ana biya gwargwadon awanni. Daga tsakiyar gari zuwa filin jirgin sama na Heathrow ka ware awa ɗaya a layin Piccadilly, ƙasa da haka a layin Elizabeth daga Tottenham Court Road ko Farringdon, ka ƙara awa uku na filin jirgi. Mai tashi daga filin jirgin sama na Gatwick yana da jirgin ƙasa na Thameslink kai tsaye daga tashar Blackfriars, tafiyar minti goma daga ƙofar Globe. Wasan da ya tashi ƙarfe biyar yana ba da sarari ga jirgin ƙarfe goma na dare. Jirgin ƙarfe takwas kuwa sai dai ka haƙura da wasan Lahadi, ka yi zagayen ganin gidan wasa da safe a Globe ko a Theatre Royal Drury Lane, inda ake wasa a filin tun 1663.